Ƙararrawa a Jana'izar Soazig

Soazig ta mutu ana ruwa, ta bar wa mijinta Goulven wasiyyar da ta fi gawarta nauyi.

Mutanen ɗan cocin Kerlouet sun daɗe suna yin Mas, babbar ibadar Katolika, da harshen Latin a wani tsohon rumbun tuffa, don ba su yarda da sabon salon Roma ba. Amma su ma kansu ba a haɗe yake ba. Wasu na cewa wanda ke Roma Paparoma ne na gaskiya, uba uba ne ko ya karkace. Wasu irin su Soazig na cewa kujerar Bitrus, wato ta Paparoma, ba kowa a kanta, wanda ke zaune sojan gona ne. Rigimar duk ta taru a wuri guda. A tsakiyar Mas akwai addu'ar da Fada, limamin cocin, ke yi cikin raɗa, a nan ake ambaton sunan Paparoma. Jama'a ba sa ji. Mai hidimar bagadi kaɗai ke ji, Goulven ke nan, tun kansa na baƙi.

Tsohon Fada ba ya faɗin sunan, amma ya riga Soazig tafiya. Wanda aka samo domin jana'izar, Fada Kervella, baƙo ne, ba wanda ya san inda ya dosa.

"Gara a binne ni kamar kare da a miƙa ni ga Allah haɗe da sunan mutumin nan," ta ce wa Goulven a gadon mutuwa. "In ka ji Fada ya faɗi sunan, ka tashi, ka sa a fitar da ni. Rantse."

Ya rantse. Me zai ce wa mai shure-shuren mutuwa?

Da safen jana'iza 'yarsu Rozenn tana toya wa baƙi fanken baƙar alkama, tana buga kasko kamar shi ya yi mata laifi.

"Baba, wallahi in ka tashi, ni da kai haihata-haihata. A fitar da Mama cikin ruwa ba Mas? Wa ya naɗa ta alƙali a kan Paparoma? A kicin ɗin nan fa ta tsige shi, tana fere dankali!"

"Ki iya bakinki. Uwarki ta fi ki karatu."

"Ta fi kowa, ai shi ne ciwon. Kowa a cocin nan da Paparomansa a aljihu. Kai naka ka aura."

Idon Goulven na kan rigar ruwan Soazig da ke rataye bayan ƙofa. Sai ya ji kamar tsakinta, wannan dogon tsakin da take ja in an yi abin da bai gamshe ta ba.

A ɗakin sa tufafi, yana miƙa wa Fada ɗamara, ya tambaye shi kai tsaye.

"Fada, kana faɗin sunan ko ba ka faɗi?"

"Ko na gaya maka, rabin mutanenku za su ce ƙarya nake. Kai ne kusa da ni, Goulven. Za ka ji da kunnenka."

Rumbun har yanzu yana warin ruɓaɓɓen tuffa. An ajiye akwatin gawa daidai bayan Goulven, yana jin sanyinsa a ƙeya. Da aka zo kan addu'ar "Mai Tsarki, Mai Tsarki", ya ɗauki ƙararrawa. Sau uku ake kaɗawa a ajiye, daga nan Fada ya shiga raɗa. Sai dabara ta faɗo masa. Abin da kunne bai ji ba, rantsuwa ba ta kama shi. Ya kaɗa uku, ya ƙi ajiyewa. Ya ci gaba da kaɗawa, ƙarfe na kuka cikin rumbun. Ya ji ana motsi a benci, wani yana gyaran murya.

Fada bai juyo ba. Ya buɗe hannuwansa ya tsaya cak, leɓensa a rufe. Jira yake.

Kafaɗar Goulven ta ɗau zafi. Tsoho ne, ba zai kaɗa har tashin duniya ba. Ƙararrawa ta mutu a hannunsa. Sai ƙarar ruwa a kan rufi.

Fada ya sunkuya ya yi raɗarsa, a natse, kalma bayan kalma. Sunan ya fito tar.

Goulven ya dafa ƙasa zai miƙe. Sai ya hango abin da zai biyo baya: maza su ciccibi akwatin zuwa cikin taɓo, a tura Soazig rami ba addu'a, a kan hukuncin da shi bai taɓa sanin gaskiyarsa ba. Ita ce mai tabbas, ba shi ba. Ya janye hannunsa. Ya ci gaba da durƙuso.

Daga bayansa, daga cikin katako, aka ja tsaki.

A bakin kabari Annaig, aminiyar marigayiya, ta tare shi da lema.

"Kai Goulven, wane irin hauka ne ka yi da ƙararrawa? Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa."

"Kuma ka zauna?"

"Na zauna."

Ta yi alamar gicciye kamar ta ga fatalwa, ta juya. Iyalai da dama suka bi ta, ba su ƙara taka rumbun ba. Rozenn ta riƙe hannunsa, bai ma san ta riƙe ba.

Fada Kervella ya zauna a cocin, kuma har yau Goulven ke hidimar bagadi. Yana kaɗa uku ya ajiye, ya saurari sunan, sannan ya jira tsakin. Tsakin bai taɓa makara ba.