Audi Mai Foraj da Surukinsa

Da labari ya iso wa Zuhaira cewa babanta zai zo Tanut ya yi jarrabawa, dariya ta fara yi, daga baya kuma gabanta ya faɗi. Baban nata, Audi, ya ba hamsin baya, gemunsa duk furfura, bai kuma taɓa zama a benci gaban allo ba. Amma duk wanda ya sha ruwa a ƙauyensu, can gabas da Ollelewa, ya san hannun da ya shayar da shi. Tun da aka kafa musu foraj, wato rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, shi ke share farantan sola, shi ke hawa shato, wato tankin ruwan da ke sama, shi ake tasowa daga gona idan fanfo ya yi shiru. Ya koyi aikin ne a tsaye, yana miƙa wa waɗanda suka kafa abin kayan aiki. Da suka tafi sai ya zama shi ne injiniya, har makiyayan da ke saukowa da raƙuma daga wajen Tenhya sun san sunansa.

Bana sai meri, wato hukumar magajin gari, ta zo da sabuwar doka: duk mai kula da foraj sai yana da difulom, takardar shaidar ƙwarewa. In babu, a kawo wani daga Damagaram ya karɓi mabuɗi. An dai tausaya wa irin su Audi, aka ce tsofaffin hannu za su iya shiga jarrabawar cibiyar koyon sana'a ta Tanut ba tare da sun zauna aji ba, a yi musu tambaya da Hausa, a ga aikin hannunsu. Audi ya ce shi a ɗauke masa gonarsa ya fi masa sauƙi da ya ga mabuɗin nan a aljihun baƙo. Ana gama yankan hatsi ya hau motar kasuwa.

To, a duk faɗin Tanut mutum guda ne ya fi dacewa ya shirya shi, wato Haris, mai koyar da aikin wutar sola a cibiyar. Matsalar ita ce Haris mijin Zuhaira ne. Tun da aka ɗaura aure, maganar da ta taɓa shiga tsakaninsa da Audi ba ta wuce gaisuwa ba. Haris kan tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa. Audi kuwa ya amsa yana kallon wani wuri, kamar da bango ake gaisawa. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai “mijinki” ko “yaron nan”. Ba gaba ba ce, suna ƙaunar juna ƙwarai. Surukuta ce kawai, irin wadda aka yi wa riƙon gaske.

Audi ya sauka gidan tsohon amininsa Idrisa, don ba zai kwana gidan suruki ba. Da la'asar yakan zo ya zauna a zauren su Zuhaira. Haris yana can ciki ƙarƙashin rumfa, ya harhaɗa allon gwaji mai batir da ƙwan fitila da ɗan akwatin wuta irin na foraj. Zai ɓata wani abu a jikin allon, Zuhaira ta ɗauka ta kai zaure, Audi ya gyara, ta mayar ciki, Haris ya duba ya ba ta saƙo. Haka makarantar take, Zuhaira ce kuma hanyar motar.

Da farko abin ya tafi sumul, domin Audi ya san aiki. Da kunne yake gane ciwon inji, hannunsa kuma ba ya rawa. Sai ranar da Haris ya sa ƙonannen fuzibil a akwatin, wato ɗan abin nan da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa don kada ta cinye fanfo. Audi ya gano shi nan take. Ko wutar bai kashe ba, ya cire hula, ya zaro ƴar wayar tagulla daga naɗinta, ya murɗa ta a gurbin fuzibil ɗin. Fitila ta kama. Ya miƙa wa Zuhaira allon yana shafa gemu.

Haris na ganin wayar ya dafe kai.

“Wannan in ya yi shi gaban masu jarrabawa, ya faɗi ya gama,” in ji shi, murya ƙasa-ƙasa don kada zaure ya ji. “Kuma yana iya ƙona fanfon gari, ko ya ƙona kanshi. Sai a kashe wuta, a nemo abin da ya ƙona fuzibil ɗin, a sa sabo.”

“Haka zan gaya mishi?”

“A'a, ke ma dai. Ki ce mishi dabarar ta yi kyau ƙwarai, sai dai su a makaranta sun fi son a sa sabo.”

Tsakar gidan ba ta da wani faɗi, amma kafin Zuhaira ta ratsa ta saƙon ya ƙara ramewa. Ta tarar da babanta ya miƙe wuya yana jira, idonsa na ƙyalli. Wannan mutumin ne ya goya ta a kafaɗa ya nuna mata garinsu daga saman shato. Ba ta taɓa jin wani ya ce masa bai iya ba, ba ta kuma so ta zama ta farko.

“Ya ce dabarar ta yi kyau ƙwarai, Baba.”

“Shi ke nan?”

“Ya ce wai wasu sukan sa sabo.”

“Masu sabon ke nan,” in ji Audi, ya mayar da hularsa. “Mu a daji ina muka ga sabo? Yaron nan yana da hankali.”

Da ta koma ciki Haris ya tambaye ta ko ta faɗa, ta ce ta faɗa. Ya sake ɗana tarkon nan na fuzibil ba sau ɗaya ba, kowane karo allon ya dawo da waya, kowane karo shi ya rage wa saƙon gishiri, ita kuma ta ƙara masa ruwa. Haris ya ɗauka taurin kan tsufa ne. Audi ya ɗauka yabo ne ake ta maimaita masa. Zuhaira kaɗai ta san gaskiya, kullum tana cewa gobe za ta faɗa, har goben ta zama ranar jarrabawa.

A babbar rumfar kwanon cibiyar aka yi ta, jama'a na leƙe ta bayan shingen waya. Masu jarrabawar daga Damagaram suka zo, shugabarsu wata Madam Ramla, gajeriya mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya. Malaman cibiyar an ce su tsaya nesa, don haka Haris yana can gindin dalbejiya ya harɗe hannu. Audi ya zo da rigar sallarsa, aka sa ya ɗora shuɗiyar rigar aiki a kai, ya tsaya cikin samari sa'o'in ƴaƴansa. Tambayoyin baki ya wuce su lafiya, har ya so ya ƙara wa Madam bayanin da ba ta nema ba.

Sai aka zo aikin hannu. Zuhaira ta riƙe shinge tana roƙon Allah ya sa kowane irin ciwo ne a allon babanta ban da wancan. Ta ga ya buɗe akwati, ya yi murmushi, ya kai hannu ga hula, ya zaro wayar.

Fitilarsa ce ta riga ta kowa kamawa. Ya juya yana kallon samarin da ke ta zufa, sannan ya kalli Madam. Ta zo ta leƙa akwatin, ta kashe wutar da kanta.

“Baba, mene ne wannan?”

“Dabara ce, ƴata. Ai malaminsu ma ya gani, ya ce ta yi kyau ƙwarai.”

Madam ta ɗaga kai ta nemo Haris da ido. Haris ya zama kamar ya shige cikin dalbejiyar. Ta dawo kan Audi, ta gaya masa cikin ladabi, amma ba ragi, cewa wannan kuskure ne da ke kayar da mutum nan take. Ta ce saboda ya yi ƙoƙari a sauran, gobe da safe akwai zagaye na biyu na waɗanda suka kusa, in ya sake kuwa sai baɗi. Kowa a wurin ya san meri ba za ta jira baɗi ba.

Audi ya wuce kai tsaye gidan su Zuhaira. Ya zauna a zaure, ya kira Zuhaira.

“Me mijinki ya ce ranar nan? Yadda ya faɗa nake so.”

Ta faɗa masa, da na Haris na gaskiya, da wanda ya ba ta, da wanda ta kawo. Tana faɗa tana share hawaye, kunya da nadama sun cika ta.

“Wato ni kuka mayar yaron goye,” in ji shi. “Shi ya ji kunyata, ke kin ji tausayina, kuka bar ni na je na kwance wa kaina zane a gaban jama'a.” Ya miƙe. “Guganki yana yoyo. Koma gefe.”

Abin da bai taɓa yi ba ya yi, ya ratsa zauren ya shiga tsakar gida. Haris ya zabura, ya watsar da takalmi ya durƙusa. Audi ya zauna a bakin rumfa, ya juya masa baya, ya ce a gaya masa duk inda yake kuskure. Haris ya buɗe baki, ya ce “Ai Baba, dama dai…” sai maganar ta maƙale. Ya sake gwadawa, ta sake maƙalewa. Audi ya waiwaya hagu da dama, idonsa ya faɗa kan akuyar Zuhaira da ke ɗaure a turke tana tuƙa.

“To, ni ba na nan. Ka gaya wa waccan. Ita ce ke da jarrabawa gobe.”

Haris ya kalli akuya, akuya ta kalle shi. Ya gyara murya.

“Ke akuya,” ya fara a hankali, “wayar nan da kike sawa ba dabara ba ce, ganganci ne.”

Daga nan kuma bakinsa ya buɗe. Ya gaya wa akuya cewa fuzibil ba ya ƙonewa haka kawai, gargaɗi yake yi, wanda ya toshe masa baki da waya wata rana zai bar gari guda da ƙishirwa. Ya ce mata tana taɓa wuta ba ta kashe ba, tana gwada batir da tartsatsi ga na'urar awo a ajiye, tana jefar da safar hannu wai zafi. Ya ce babban ciwonta shi ne ba ta iya cewa a ba ta abu, ta ɗauka neman sabon kaya gazawa ce. Har ya miƙe tsaye bai sani ba, yana nuna ta da turnebis ɗin kwance noti. Zuhaira ta toshe baki da mayafi, dariya da kuka suna kokawa a ƙirjinta. Ƙeyar Audi kawai take gani, amma ta ga kunnuwansa sun miƙe.

Da Haris ya tsaya shan iska, sai Audi ya ce, “Akuyar tana tambaya, in an kashe wuta, daga ina ake fara nema?”

Haka suka yi har aka kira magariba, allo a gaban Audi, Haris yana yi wa akuya faɗa.

Washegari mutanen bayan shinge sun fi na jiya yawa, don labarin tsoho mai waya a hula ya zaga gari. Madam Ramla ba ta sauƙaƙa masa ba, ciwon jiya ta sake ba shi, ta ƙara da wani a ɓoye. Audi ya sa safar hannu yana yatsina fuska. Ya kashe wuta. Ya bi wayoyi da na'urar awo har ya gano inda biyu suka goge suka haɗu, ya raba su ya naɗe. Sai ya zo kan gurbin fuzibil ya tsaya. Zuhaira ta ga hannunsa ya tashi sama, ta rufe ido. Da ta buɗe, hannun ya wuce hular, yana can sama a miƙe irin na ƴan makaranta.

“Madam,” in ji Audi, “a taimake ni da sabo.”

Shi ne na ƙarshen gamawa. Fitila ta kama, Madam ta duba ko'ina, ta cire tabarau ta ce masa ya ci, mabuɗinsa na nan a aljihunsa.

Ya fito yana tuɓe shuɗiyar rigar. Zuhaira ta taro shi da murna, amma ya wuce ta, ya nufi gindin dalbejiya. Haris ya riga ya durƙusa, ido a ƙasa. Audi ya tsaya a gabansa, wannan karon bai kalli wani wuri ba.

“Haris,” ya ce. Zuhaira ba ta taɓa jin sunan a bakin babanta ba. “Akwatin foraj ɗinmu cike yake da aikin hannuna. Mutane na shan ruwan nan, dabbobi na sha. Ranar kasuwa ka zo mu buɗe shi tare. Ka zo da fuzibil sababbi, ka kuma zo da bakinka.”

Haris ya ɗago kai a hankali ya kalli surukinsa.

“To, Baba,” in ji shi. “Amma ku bar hular a gida.”