Waƙar Bikin Dawuda

A cocinsu na Barkin Sale a Minna ba a ɗaura aure sai an rera waƙar Dawuda. Kowa ya san marigayi Dawuda, ɗan cocin, shi ne ya tsara ta, kuma 'yarsa Magdalina, shugabar mawaƙan cocin, takan faɗi haka da alfahari.

Ranar auren ƙanenta Noah, uwargijiyarsa ta zo. Madam Shu injiniya ce daga Sin, Noah ne direbanta. Ana buga ganga, mawaƙa suka ɗauki waƙar, mata suka fara rausaya. Sai aka ga baƙuwar ta miƙe zumbur, hannunta a baki, fuskarta ta yi fari fat. Mutane suka ɗauka zafi ne ya buge ta, har wata ta miƙa mata ruwa. Ta ƙi karɓa. Da aka tashi, ta roƙi Noah ya kawo mata yayarsa da mahaifiyarsu gida bayan biki.

Da suka je, ta ɗora wani dogon katako baƙi a kan tebur, mai tsirkiya bakwai. Ta ce sunansa gucin. Noah ne ke yi musu tafinta. Ta taɓa tsirkiya ɗaya, sauti ya fito can ƙasa-ƙasa kamar nishi. Ta ja yatsan hagu a kanta, sautin ya langaɓe har ya mutu. Ta yi shiru, sannan ta sake taɓawa.

Tsigar jikin Magdalina ta tashi. Waƙar ubanta ce, gaɓa da gaɓa, sai dai an cire mata ganga da murna, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da gawa.

Madam Shu ta ce a yankinsu ana cewa kiɗan ya yi shekaru ɗaruruwa. Wani makaɗi ne ya dawo daga tafiya ya tarar ambaliya ta share ƙauyensu, ya zauna a gaɓar kogi ya tsara shi. Farkonsa ruwa ne a kwance, tsakiyarsa yatsu na rige-rige kamar igiyar ruwa, shirun da ke ƙarshe kuwa na waɗanda ba a ga gawarsu ba ne. Ba a kaɗa shi a taron murna, kuma kaɗan ne suka iya shi. Ita a wurin kakanta ta koya.

"To, Baba sata ya yi ke nan?" Magdalina ta tambaya.

Mahaifiyarsu, Mama Liyatu, ta ce bai taɓa cewa tasa ba ce, mutane ne suka liƙa masa. Tun Magdalina na goye, Dawuda kuku ne a sansanin 'yan Sin masu gyaran layin dogo. A cikinsu akwai wani siriri mai guntun ɗan yatsa, kullum da yamma yakan kaɗa irin wannan katakon. Zazzaɓi ya kwantar da shi, Dawuda ne ya yi jinyarsa. Da hannun mutumin ya kasa, da baki yake rera kiɗan har ya cika.

Noah ya tsaya cak a tsakiyar tafintar, don Madam Shu ta dafe tebur.

"Wane hannu ne mai guntun yatsan?" in ji ta.

"Na dama, 'yata."

Madam Shu ta zauna daɓas. Mahaifinta ne. Tana ƙarama aka kai musu tokar gawarsa, an ce ya mutu a Minna, ba wanda ya gaya musu ko akwai mutum a kansa. Abin da ya sa ta nemi a turo ta aiki garin ke nan.

Can Madam Shu ta tambaya me ya sa Dawuda ya mai da kiɗan na rawa. Mama Liyatu ta ce wata da watanni abin na yi masa amo a kai, yana hana shi cin abinci, sai ya ce ko ya sa masa ganga ko ya haukace.

Magdalina ta yi makonni ba ta iya rera waƙar ba. Da wani auren ya matso, ta gaya wa mawaƙa labarin duka, wasu suka ce a bar ta. Madam Shu kuwa ta aiko Noah da roƙon kada a bari. Ta zo auren, ta zauna kusa da Mama Liyatu a bencin mata, aka buga ganga.