Sharaɗin Shiga Fili

Cibiyar matasan unguwar a cikin wani tsohon sito take, na kamfanin siminti da ya tashi. Kwamitin unguwa ya share shi, ya shafa masa farin fenti, ya baje filin da ke bayansa ya kafa raga biyu, sannan ya kewaye shi da shingen waya. A ciki ana koyar da ɗinki da gyaran fanka, a waje ana buga ƙwallo daga la'asar zuwa faɗuwar rana. Sharaɗin shiga guda ɗaya ne, kuma ƙungiyar da ke ba da tallafi ce ta gindaya shi: sai yaron da 'yan sanda suka taɓa kamawa. Hujjarsu ita ce gurbi kaɗan ne, gara a fara da waɗanda suka fi kusa da lalacewa.

Dogo ya cika sharaɗin tun bara, ranar da aka kama shi da batirin mota a cikin buhu. 'Yan sanda suka ja masa kunne suka sake shi, cibiya ta karɓe shi. Yanzu yana da shuɗiyar riga mai lamba a baya da takalmin ƙwallo, yana dawowa gida a gajiye, ya ci abinci ya kwanta. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Maman Dogo, ba ta da abin faɗa game da cibiyar sai godiya.

Damuwarta ita ce ƙaninsa, Auta. Shekararsa goma sha uku, bai taɓa ganin cikin caji ofis ba. Ana tashinsu daga makaranta da azahar, ita kuwa tana ɗakin wankin asibiti har magariba, tana cusa zannuwan gado a inji tana fitarwa. Babansu ya rasu. Tsakanin azahar da magariba babu kowa a gida.

A jikin shingen Auta yake ƙarasa wuninsa. In ƙwallo ta tsallako, shi ke cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ya wurga musu. Ranar da ake jiran baƙi kuwa mai gadi yakan kore shi, sai ya zarce bayan tasha, inda tsofaffin abokan Dogo ke zama a cikin wata matacciyar bas suna shaƙar sholisho. Sun fara aikensa.

Wata Laraba injin wanki ya lalace, aka sallami ma'aikata da wuri. Maman Dogo ta biyo ta bayan tasha, ta hango Auta a ƙofar bas ɗin riƙe da baƙar leda. Ta wuce kai tsaye zuwa cibiya.

Koci tsohon ɗan wasa ne da gwiwa ta tsayar. Ya ɗingiso zuwa bakin ƙofa, usur a wuyansa.

"Maman Dogo, yau ke ce da rana? Kada ki ce mini ya yi wani abu."

"Ba shi ba ne, Koci. Ƙaramin ne. So nake ka ɗauke shi."

Koci ya sosa ƙeya. "Golanmu na bayan shinge? Ai na san shi. Da ikona ne, da tuni yana cikin raga. Wanda nake da shi yanzu ko katifa aka jefa masa sai ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa."

"To ka sa shi mana."

"An taɓa kama shi?"

"Allah ya kiyaye."

"Amin. To matsalar ke nan."

Ya kai ta wurin sakatariyar cibiyar, wata matashiya mai tabarau da ladabi. Ta ba ta kujera, ta ba ta ruwan sanyi, sannan ta yi mata bayani. Masu tallafi sukan zo ba sanarwa, su tambayi kowane yaro abin da ya kawo shi. Akwai wata cibiya da ta cusa yaran da ba su taɓa laifi ba, aka janye mata tallafi.

"In muka sa ɗaya, gobe iyayen unguwar nan duka za su cika ƙofar nan, Mama. Kuma yaronki ai lafiyarsa ƙalau. Ki gode wa Allah."

"Yau na gan shi a bayan tasha."

"Yana shaƙa?"

"Aikensa suke yi."

"To ki sa masa ido sosai."

"Da wane idon, 'yata? Idona yana kan zannuwan asibiti."

Sakatariya ta ce za ta kai maganar gaban kwamiti a zama na gaba.

Ɗaki ɗaya suke haya, labule ya raba shi biyu. Da yamma suna cin shinkafa a kan tabarma, Auta ya ɗago kai. Ya ga shigarta cibiya, ya san abin da ya kai ta.

"Mama, me suka ce?"

"Sun ce babu gurbi."

Dogo ya yi dariya, bakinsa cike. "Gurbi kam akwai. Tikiti ne ba ka da shi, kuma a caji ofis ake yankarsa. Ba tsada, mari biyu ne."

"Rufe mini baki."

"Wasa nake, Mama. Wannan ɗan lelen naki ko allura ya ɗauka hannunsa rawa zai yi."

"Yaya, kwana nawa ka yi a can?" in ji Auta.

"Ɗaya tak. Sauro ne kawai ya ci rabonsa."

Ta ajiye cokalinta. "Duk wanda ya ƙara ambaton caji ofis a ɗakin nan, a waje zai kwana."

Auta ya cinye abincinsa, ya tattara kwanukan ya wanke ba tare da an sa shi ba.

Ta gwada abin da za ta iya. Ta roƙi shugaban ɗakin wanki ya bar yaron ya riƙa zama kusa da ita, ya ce asibiti ba gidan raino ba ne. Ta roƙi maƙwabciyarta, ta ce nata ma sun fi ƙarfinta. Wani makanike ya ce ta kawo shi baɗi, yaran da ke garejinsa sun fi motocin yawa.

Ranar Litinin da la'asar mai gadin asibiti ya leƙo ɗakin wanki, ya ce ana nemanta a caji ofis. Duk hanya Dogo take tunani.

Sajan da ke kanta ya faɗa mata abin da ya faru da murya ɗaya, kamar mai karanta sanarwa. Da rana tsaka Auta ya shiga wurin ajiye motoci na wani babban kanti, ya sa sukudireba ya kwance madubin gefen wata mota. Sannan ya zauna a bakin kwalbati, madubin a cinyarsa. Mai gadin wurin yana barci. Da yaron ya gaji da jira, shi ya tashe shi.

"Yallaɓai, yaro ne, bai taɓa ba. An mayar da madubin?"

"An mayar. Mai motar ma ya ce ya yafe."

"To a ja masa kunne, kamar yadda aka yi wa yayansa."

"Wannan bara ne, Mama. Tun da cibiyar nan ta kankama, oga ya ba da umarni, babu sauran jan kunne. An ba su fili, an ba su ƙwallo, an ba su keken ɗinki. Duk yaron da ya taɓa kayan mutane yanzu ba shi da uzuri, kotu za a kai shi."

"Shi ba a ba shi ba. Hana shi aka yi."

Sajan ya dube ta a karo na farko. "Ba shi ne na farko ba a watan nan. Su zo su zauna da kaya a cinya suna jiranmu. Mun faɗa a sama. Ni dai umarni nake bi."

Aka bar ta ta gan shi. Yana zaune a kan benci a bayan kanta, ba takalmi, kumatunsa ɗaya ya kumbura. Da ya gan ta sai ya yi murmushi.

"Mama, kada ki damu, kwana ɗaya ne. Yaya ya ce kwana ɗaya. Ki gaya wa Koci gobe da la'asar ina nan zuwa."

Ta ce, "To." Ta miƙa masa burodin da ta saya a hanya.

A kotun yara Koci ya zo da rigarsa ta fita, ya yi magana mai tsawo a kan hannun yaron wajen cafe ƙwallo da natsuwarsa. Alƙali ya saurara. Ya ce abin da ya dame shi shi ne shiri: yaron ya aro sukudireba, ya zaɓi mota, ya zaɓi lokaci, kuma har yanzu bai nuna nadama ba. Ya tura shi gidan kangararrun yara na shekara guda.

A bakin kotu Koci ya tsaya kusa da ita, idonsa a kan titi. "Na yi magana da sakatariya. Da ya fito, gurbinsa yana nan. Yanzu ya cika sharaɗi."

Dogo, da ke tsaye a bayanta, ya juya ya tafi. Daga ranar bai ƙara zuwa fili ba. Ba ta tambaye shi inda yake wuni ba, don ta san bayan tasha ne.

Gidan kangararrun a bayan gari yake, sai an hau mota biyu. Tsakar gidan siminti ne, ba bishiya, ba ƙwallo. A ziyarar farko Auta ya yi kuka, ya tambayi wa ke tsaron raga yanzu. A ta biyu ya tambayi Yaya. A ta uku bai tambayi kowa ba. An aske masa kai, akwai sabon tabo a saman girarsa, ya zauna a karkace yana kallon ƙofar da aka shigo da shi. Ya buɗe ledar da ta kawo, ya duba sabulu da sukari da burodi, ya ɗaure.

"Mama, in za ki dawo ki zo da sigari. Ki huda burodin ta ƙasa ki cusa, ba sa dubawa."

"Ka fara sha ke nan?"

"Na shugaban ɗakinmu ne. Wanda bai kawo ba, kusa da bokitin fitsari yake kwana." Ya faɗa kamar yadda da yake faɗa mata an ce su zo da fensir. "Kada ki manta."

Aka buga ƙararrawa. Ya miƙe kafin ma'aikaci ya kira shi.

Ana gobe ziyara ta huɗu, ta tsaya a shagon bakin layinsu bayan ta tashi aiki. Mai shagon ya san ta tun yaran suna goye.

"Maman Dogo, sabulu da sukari kamar kullum?"

"Da burodi babba. Da sigari."

Ya tsaya da hannunsa a kan teburin shagon, ya dube ta, sannan ya kawar da kai. "Wace iri?"

Ta dubi kwalayen da ke jere a bayansa. Ba ta san sunan ko ɗaya ba.

"Wadda za ta shiga cikin burodin," ta ce.