Jirgin da ke bayan Gidaɗo

A Gidan Rumji babu wanda bai san Muttaka Ɗan Jirgi ba, mutumin da ya yi shekara talatin yana zuba wa jirage mai a filin jirgin Maraɗi, amma ko sau ɗaya bai taɓa barin ƙasa ba. Da ya aje aiki sai ya buɗe rumfar gyaran injin ban ruwa, ya manne bangonta da hotunan tsofaffin jirage da ya yanko daga mujallun Faransanci. Nuna masa wutsiya kawai, ko rabin fiffike, zai gaya maka sunan jirgin da zamaninsa, har ka gaji ka ce kana da uzuri.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, wata Bafulatana ta yi sallama a bakin rumfar. Safina sunanta, daga rugagen gefen Cadakori, ta kusa shekara hamsin. Ta ƙi zama. Ta miƙo salula, amma ba ta sake ta ba.

"Baba, an ce kai ka san jirage. Wanga hoto, wace shekara ce?"

Hoton fari da baƙi ne, dishi-dishi. Ga wani makiyayi matashi, sanda a kafaɗa, ga saniya kusa da shi, ga jirgi a bayansu a tsaye cikin ciyawa. Muttaka bai ko dubi mutumin ba, halinsa ke nan. Inji ɗaya mai zagaye a hanci, fiffike a saman jiki, wutsiya biyu. Daɗi ya kama shi.

"Kai! Jirgin ga Burusar ne! Ƙirar Faransa ne, ɗiyata. Ina kika samo shi?"

Ta ce a zauren WhatsApp na makiyaya aka turo, kuma an bi diddigi an rasa wanda ya fara turowa. Sannan ta yi ƙasa da murya ta ba shi labari. Mahaifinta, Gidaɗo, ya kora shanu kudu a babbar yunwar tamanin da huɗu, tana 'yar shekara takwas. Bai dawo ba. Wasu matafiya suka ce sun ga gawarsa, aka yi masa salla, mahaifiyarta, Inna Habsatu, ta yi takaba, ta sake aure, ta haifi biyar. Yanzu tana kwance ba lafiya, wani marar tunani ya nuna mata hoton, tun ranar ba ta ci abin kirki ba.

"Cewa take, in yana da rai sa'ad da aka ɗaura mata aure, to mi ta aikata shekara arba'in? Mi za ta ce wa Ubangiji? Tsoron mutuwa take da wanga abu a wuyanta."

Tausayi ya kama Muttaka, ya kuma ji daɗi don yana da amsa mai sauƙi.

"Kwantar da hankalinki. Jiragen ga na zamanin Nasara ne da ɗan bayansa. Sa'ad da suke tashi, mahaihinki bai isa kora maruƙa ba. Wani ne mai kama da shi."

Safina ta girgiza kai.

"Baba, ni ba huskar Baffa, mahaihin nawa, na gane ba. Ina ƙarama ya tahi. Saniyar na gane."

Ta buɗa hoton da yatsu biyu. Yadda shi yake karanta jirgi, haka ta karanta masa saniyar: farar fuska, tsaga biyu a kunnen dama, shaidar gidansu, ƙahon hagu a karye daga tsakiya.

"Wule ke nan. A bakin rijiya ta karye ƙahon, ni ke riƙe da igiyarta, har Baffa ya doke ni. Da ita ya tahi kudu."

Muttaka ya matso kusa da salular. Ya sa tabarau, ya sake duba jirgin, yana fatan ya ga mushe ne da aka yasar a daji, wanda kowa zai iya tsayawa gabansa a kowace shekara. Ina! Tayoyi cike da iska. Farfelar ma ba ta fito sosai ba, sai wani hazo mai zagaye, alamar tana juyawa sa'ad da aka ɗauka. Amma ciyawar da ke ƙasanta a miƙe take, rigar makiyayin ba ta kaɗa ba, saniyar ko kunne ba ta ɗaga ba. Shekara talatin yana tsayawa gaban farfela, ya san ba a yin haka.

Sai a lokacin ya lura tun zuwanta babban yatsanta na kan kusurwar hoton ta sama.

"Ɗan kau da hannunki, ɗiyata."

Ta daɗe kafin ta janye. Can nesa, bayan wata kuka mai rassa biyu, ga dogon ƙarfen salula a tsaye. Muttaka ya san kukar, a kan hanyar Cadakori take. Ya san ƙarfen ma, don yana wucewa a moto, babur ɗinsa, ana kafa shi, shekara uku da suka wuce.

Hayaniyar kasuwa na nan yadda take, amma shi bai ji komai ba. Makiyayin da bai tsufa ba yana kallonsa daga cikin salular. Jirgi na zamanin Nasara, mutum da saniya na shekarar yunwa, ƙarfe na shekara uku da suka wuce: zamani uku a hoto ɗaya.

"Baba," in ji Safina, idonta ya ciko. "Ni jirgin kaɗai na tambaye ka. Na wane zamani ne?"

Muttaka ya cire tabarau.

"Na zamanin Nasara ne. Wannan kam na rantse a kai."

"To, haka zan faɗa wa Inna, hankalinta ya kwanta. Zan ce masani ya rantse."

Ta mayar da yatsanta kan kusurwar, ta ja mayafi, ta shige cikin 'yan kasuwa.