Sunan Yankan Yaya Baballe

Ranar kasuwar Kibiya aka kawo na'urar, gida ba kowa sai ni da Iya, surukata. Hammadu direba ne ya yi sallama ya miƙo kwali, ya ce saƙon Yaya Baballe ne, wan maigidana, wanda ya shekara huɗu yana aikin gini a Aljeriya. Yayan ne ya sa wani abokinsa a Kano ya saya ya saita. Wai bayan la'asar zai kira ta bidiyo ya ga Iya, don gobe za a kwashe su zuwa wani aiki a cikin sahara, wata shida ba sabis.

"Kalmar sirrin kuma," in ji Hammadu yana sauri, fasinja na jiransa, "an ce sunan mai saƙon ne."

Ni dai Allah ya yi ni da son taɓe-taɓe. Nan take na farke kwalin. Rauta ce, na'urar kawo intanet, 'yar ƙarama fara, irin ta masu ƙaramin ƙarfi, da ƙaho biyu, an riga an sa mata sim. Na jona ta da batirin solarmu, sai ga fitila ja. To gidanmu ginin ƙasa ne mai kauri, wayata ma sanda ɗaya take kamawa, murya da ƙyar. Na kinkimi batiri da rauta na shiga zagaye, daga ɗakin girki zuwa gindin rumbu, ina son in gane me ke sa ta fushi. Sai da na ɗora ta a tagar Iya, mai kallon ƙarfen sabis, na miƙar da ƙahonin, sannan fitilar ta koma koriya.

Iya na tsintar wake tana kallona ta gefen ido. "Ke Talatu, wannan mai ƙahon me take ci?"

"Data, Iya."

"Allah ya sa tana ƙoshi."

Na nemo rautar a wayata, na rubuta Baballe, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Sai a lokacin ƙwaƙwalwata ta kawo wuta: ai Baballe laƙabi ne, sunan kakansa ya ci. Wata takwas ina gidan nan, ban taɓa jin sunansa na yanka ba. Na kira maigidan har sau huɗu, yana can kasuwa cikin hayaniyar 'yan albasa, ina zai ji?

"Iya, mene ne sunan Yaya na gaskiya?"

Ta ajiye faifan. "Kai, yaran yanzu! Ɗan fari, kuma sunan surukina, shi kike so ki ji a bakina? Ba ki da ta ido?"

"Ba ni ke so ba, na'urar ce."

"To ki gaya mata mai sunan tsohon limamin Fassi ne."

Jama'a, ni 'yar cikin garin Rano, ina na san limamin da ya rasu tun ba a haife ni ba? Na gwada Mukhtar, na gwada Ja'afaru, duk a banza. Akwai wani ɗan rami a bayan rautar da na ji ana tsikara da allura a goge komai, amma na ji tsoron in goge har abin da ba zan iya mayarwa ba.

Aka kira la'asar, muka yi salla. Raina ya ɓaci, na faɗa mata gaskiya. "Iya, in ba ki faɗa ba, shi ke nan, sai bayan wata shida, in da rai."

Can ta tashi ta shiga ɗaki, ta yafito ni. Ta juya fuskarta bango, ta ce a hankali, sau ɗaya, "Abdurrahim." Sannan ta ƙara da cewa, "Ko ranar sunansa ban maimaita shi ba."

Wallahi sai da tausayinta ya kama ni. Na rubuta, rautar ta karɓa.

Ba a jima ba kira ya shigo, ga Yaya Baballe raɗau a fuskar waya. Na miƙa wa Iya, sai ta ja mayafi ta ba mu baya, ta jawo faifan wakenta. Yana ta "Iya, ina wuni? Iya, ya ƙafar?" ita kuwa waken take amsa wa, "Lafiya lau. Allah ya tsare." Haka har ya yi sallama.

Haushi ya ishe ni. Duk wannan wahalar, ko kallo ɗaya ba ta yi masa ba! Ina naɗe wayar caja ina ƙunƙuni, sai na ji ta ce, "Talatu."

"Na'am."

"Tabon nan da ke goshinsa, ba da shi ya tafi ba. Tura masa saƙo ki tambaye shi me ya same shi."

Na ɗago kai. Ashe inda ta zauna, madubin kabad ɗinta na kallon wayar.