Kaset ɗin da Ya Juya da Kansa

Ni Kamalu ba mai haƙuri ba ne, kowa a layinmu na kasuwar Ƙonni zai shaida. Sana'ata zuba wa mutane wa'azi da waƙa a memori, kuma wanda ya tsaya mini a ka yana "ba wannan ba, waccan" ba ya daɗewa bai ji baƙar magana ba. Amma wata Laraba na yi awa biyar ina lallashin kwamfuta ban zagi kowa ba, ban ko yi tsaki da ƙarfi ba.

Da hantsi suka shigo, su biyu, daga Badagishiri. Babbar sunanta Talatu, za ta yi arba'in da biyar. Ƙaramar kuwa ɗiyarta ce, Naja'atu, malamar lakwal, wato makarantar boko, ita ce mai bakin magana. Talatu ta zauna a bakin benci ta kwance ƙullin kallabi, a ciki akwai wani kallabin, a cikinsa kuma wani. Na ce a raina, yau kuma layar wa aka kawo mini. Ashe kaset ne, fari da ya koma ruwan ƙasa.

"Muryar babana ce a ciki," in ji Naja'atu. "An ce kai kaɗai ka rage a nan mai maida kaset cikin memori."

Ta ba ni labarin a taƙaice. Babanta Ishaku ya tafi ci-rani Abijan ana da cikinta wata bakwai. Shi bai iya rubutu ba, na gida ba su iya karatu ba, don haka kamar sauran mutanen lokacin, magana yake yi a kaset ya ba mai zuwa gida. Guda ɗaya ya iso. Kafin damina ta fita aka aiko cewa zazzaɓi ya kashe shi a can. An yi ta sauraren kaset ɗin har tana shekara huɗu, ran nan rediyo ya tauna shi, wata maƙwabciya ta haɗa zaren da jan farce. Tun ranar uwar ta naɗe shi ba a ƙara sa shi ba. Naja'atu ta ce ta yi ta ƙoƙarin tuna muryar, ko alama babu.

"Yarinyar nan ce ta matsa," Talatu ta ce, idonta na kan bango. "Ni da an bar shi yadda yake."

Yarinyar nan. Na gane nan take 'yar fari ce. Iyayenmu mata haka suke, ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane. Tawa uwar har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan yayana a bakinta ba.

Na zura biro a ramin kaset ɗin na juya a hankali. Wata ƙura mai launin hanta ta zubo mini a yatsa. Na ga wurin ɗauri biyu, jan farcen ya bushe ya tsage. Na gaya musu gaskiya: zaren nan yana zubar da maganar da ke jikinsa, sau ɗaya zai jure a sa shi, shi ma in Allah ya so. In ban kama muryar a wannan karon ba, ta tafi ke nan. Na ce su bar mini shi kwana biyu in shirya. Talatu ta miƙo hannu ta karɓe abinta.

"Bai taɓa kwana inda ba ni ba, Malam Kamalu. Motarmu ta ƙarshe bayan la'asar take tashi."

To, shi ke nan. Kayan aikina ba na alfahari ba ne. Rediyon kaset ɗin daga wata tsohuwar motar siminti ta Malbaza na ciro shi da ta mutu a bakin hanya, na haɗa shi da batir, ban taɓa ganin ya ci zare ba. Kwamfutar kuwa wani buro ne, wato ofis, da ya rufe ya zubar da ita, na sa mata Linux don ba ta da ƙarfin ɗaukar wani abu, kuma cututtukan da mutane ke kwasowa a memori ba sa kama ta. Waya ɗaya ce ke ɗauko sauti daga rediyon ta kai bayan kwamfutar.

Allah ya taimake ni na fara gwadawa da wani tsohon kaset na wa'azi. Malam yana ta zuba a lasifika, amma a allon kwamfuta, inda ya kamata in ga sauti yana tsalle, layi ne miƙe sak. Ba abin da ke shiga. Da na yi gaggawa na sa na Ishaku, da mun ji shi sau ɗaya ya bi iska.

Na canza waya. Na hura ramin, na goge bakinsa. Na buɗe wurin da ake ɗaga sauti da rage shi, na ɗaga duk abin da ke ɗaguwa. Layi miƙe. Sai na tuna wata biyu da suka wuce na sabunta Linux ɗin, don kawai na ga saƙo ya fito na danna, kuma tun lokacin ba wanda ya kawo kaset balle in lura. Haushin kaina ya kama ni ƙwarai.

Naja'atu ta matso. "Mi ya faru, Malam?"

Na ce mata kowane ƙarfe a cikin kwamfuta yana da ɗan shirin da ke yi masa tafinta, muna ce masa pilot. Na buɗe baƙin allon nan da muke rubuta umarni, na sa kwamfutar ta jero mini abin da ta gani lokacin tashi. Ta ga katin sauti, ta ba shi pilot, ba ta yi ƙorafin komai ba. Wannan ya fi ba ni tsoro, don mai ciwon da ya ce lafiyarsa lau ya fi wuyar magani.

Aka kira azahar. Na je na dawo na tarar da su yadda na bar su, kaset ɗin na kan cinyar Talatu. Na cire pilot ɗin na mayar. Na tayar da kwamfutar da tsohon tsarin da take da shi kafin sabuntawa, shi kuma ya ƙi ganin allon gaba ɗaya. Masu memori suka yi ta leƙowa ina kora su da hannu. Maƙwabcina mai gyaran waya ya ce lallai yau Kamalu ba lafiya, tun safe ba a ji muryarsa ba.

Wajen ƙarfe uku na kwafi lambar katin sautin na shiga nema a wayata. Layin ya yi ta rawa, can ya kama na gida, can ya kama na tsallaken iyaka. Na bi shafi ya fi ashirin na masu surutu. Sai na faɗa kan wani tsohon zaure na masu Linux, rubutun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Wani mutum, ban san ƙasarsa ba, suna ma na aro ya sa, ya rubuta ciwona daidai: kati irin nawa, sauti na fita, ba ya shiga. Ya roƙi taimako. Ba wanda ya amsa masa, ko mutum ɗaya.

A ƙasa kuma shi ɗin ne ya dawo bayan kwana huɗu. Ya ce ya gano: pilot ɗin yana ɗaukar katin a matsayin wani ɗan'uwansa, sai ya kasa kunne a ramin da babu shi. Ya rubuta layi ɗaya da za a ƙara a fayil ɗin tsari don a gaya masa ainihin sunan katin. Ya rufe da cewa ya bar wannan ne ko wani zai buƙata wata rana.

Na daɗe ina kallon rubutun. Mutumin nan ya riga ya gyara nasa, ba wanda ya kula shi lokacin da yake nema, ba abin da zai samu. Amma ya dawo ya zauna ya rubuta. Lokacin Naja'atu tana 'yar sakandare, kaset ɗin nan na cikin kallabi uku a Badagishiri, shi kuma yana can ƙarshen duniya yana ajiye mata layi ɗaya. Na ji wani irin kwarjini ya rufe ni, irin wanda nake ji in na shiga tsohon masallaci ba kowa.

Na kwafi layin harafi harafi, na adana, na kashe kwamfutar na kunna. Na sa kaset ɗin wa'azi. Layin nan ya zabura ya fara tsalle, kore shar.

Na gaya musu yadda aka yi. Talatu ta juyo ta dube ni karon farko.

"Shi wanga mutum, mi sunanshi?"

"Bai faɗa ba, Hajiya."

"Musulmi ne?"

"Ban sani ba. Ban ma san ko yana raye ba."

Sai ta ɗaga hannu. "Allah ya san shi. Allah shi ba shi abin da yake nema, yadda ya bar ma wasu." Muka shafa. Ta miƙo mini kaset ɗin da hannu biyu.

Na goge kan rediyon, na yi bisimilla, na danna ɗauka a kwamfuta, sannan na tura kaset ɗin. Aka fara da huci. Sai ƙarar ruwan sama a kan kwano, da hon ɗin motoci can nesa, sai wani saurayi ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Ni ne Ishaku, daga Abijan. Ina gaida Baba, ina gaida Inna."

Naja'atu ta dafe bakinta. Muryar siririya ce, mai sauri, yana dariya a tsakiyar magana. A lokacin da ya yi maganar, bai fi shekarunta na yanzu da ɗaya ko biyu ba. Ya gaida liman, ya gaida mai gari, ya bi gidajen unguwa ɗaya ɗaya. Ya tambayi ko an dasa albasa a garka, ya ce kar a sayar da jan sa. Ya ce ruwan garin nan ba ya ɗaukewa, har mutum ya yi marmarin rana. Ni idona na kan allon, ina kallon ruwan da aka yi shekara ashirin da biyar da suka wuce yana zana ƙananan haƙora a gabana. Ɗaurin farko ya zo, ya yi ƙas, ya wuce. Na biyu ma ya wuce.

A ƙarshe ya sassauta murya. "Mutanen ɗaki, ina gaishe ku. Abin da ke tahe, in Allah ya sauke lahiya, a sa mini kukanshi cikin kaset in ji."

Daga nan huci kawai. Ban taɓa komai ba, na bar zaren ya ƙare da kansa don kar in fizge shi. Naja'atu tana kuka ba sauti. Talatu ta fara ninke kallabinta.

Abin da na manta ban gaya musu ba shi ne, rediyon mota ba ya jira a juya masa kaset. Da ya kai ƙarshe ya yi ƙarak, ya kama ɗaya gefen. Talatu ta san rediyon gida ne kawai, wanda sai an ciro an juya da hannu. Ta miƙe zumbur.

"Kashe shi."

Kafin hannuna ya kai, wata yarinya ta fara magana a cikin kaset ɗin ƙasa ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta.

"Ni ce. Kowa ya tahi gona, na aro rediyon Mariyama. An sauka lahiya. Ɗiya ce."

"Inna, don Allah," in ji Naja'atu.

Talatu ba ta sake cewa a kashe ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta je bakin ƙofa ta ba mu baya. Na janye hannuna.

"Anka sa mata Naja'atu," muryar ta ci gaba. "Naja'atu. Ka ji sunan? In ba kowa sai in yi ta hwaɗinshi ni kaɗai. Hancinka ta ɗauko, Allah shi kyauta. Naja'atu, yi ma babanki kuka shi ji. Kai, ka gan ta, dariya take. Naja'atuna, yi haƙuri, ɗan mintsini ne kaɗan."

Sai jaririya ta tsala kuka, layin ya cika allon daga sama har ƙasa, uwar tana dariya tana rarrashi tana kiran sunan. Na ƙirga ba da niyya ba, sau tara ta faɗe shi. Ana cikin haka zaren ya kai ɗaurin jan farce ta baya, ya tsinke. Rediyon ya yi shiru.

Na adana abin da aka ɗauka, na zuba shi a memori uku. Daga bakin ƙofa, ba tare da ta juyo ba, Talatu ta ce mutumin da zai kai kaset ɗin Abijan shi ne ya zo da labarin rasuwar, don haka bai taɓa barin ɗakinta ba.

An riga an kira la'asar. Ana jin ɗan kamasho daga tasha yana kiran Badagishiri, saura mutum biyu. Naja'atu ba ta motsa ba, tana kallon allon inda kukanta ya tsaya a zane.

"Malam Kamalu," Talatu ta ce, har yanzu fuskarta a rufe. "Yanzu ko an sake sa shi ba ya lalacewa?"

"Ko sau dubu, Hajiya."

"To maida ma yarinyar nan baya kaɗan. In motar ta tashi mu kwana."