Tufkar Kwat ɗin Kyaftin

"Ni na ɗinka shi," na ce. "Gideon, ka dubi hoton da kyau."

"Na duba. Jan kwat ne. Ke kuwa duk jan kwat da kika gani a duniya sai ki ce ɗanki ne."

Ya ture wayata gefe ya ci gaba da cin fankensa. Muna zaune a gidan cin abincin da ke fuskantar tafki a Duluth. Abin da na nuna masa kundin kayan wani gidan gwanjo ne na Minneapolis. A lamba ta arba'in da ɗaya an rubuta cewa ga kwat ɗin Kyaftin Orlan na asali, wanda aka sa a shirin talabijin na Ayarin Taurari a shekarar 1978, kuma za a fara tayi daga dala dubu goma sha takwas.

An daina shirin tun kafin a haife ni, amma da shi na girma, a tsofaffin kaset ɗin mahaifina. Shekara uku da suka wuce mu masoyansa muka haɗu muka ce za mu yi namu fim, mu ƙarasa labarin da aka bari a rataye. Mutum ɗari huɗu suka turo gudummawa. Gideon Maki, wanda a kanti yake sayar da fenti, shi ya fito a matsayin kyaftin. Ni na ɗinka kayan. Wendell Pruitt shi ne darakta, shi ke riƙe da kuɗin, da hotunan da aka ɗauka, da kayan duka a garejinsa. Kamfanin da ke da haƙƙin mallakar shirin ya aiko mana da takarda tun farko: za su kawar da kai muddin ba a sayar da komai nasu ba, ko da maɓalli ne. Ranar da wani cikinmu ya ci sisi da sunan shirin, ranar fim ɗin zai mutu.

An gama ɗauka tun bara. Duk wanda ya tambayi Wendell ina aka kwana a tace fim ɗin, ko ina kuɗin suka shiga, sai ya ce a yi haƙuri. Yanzu ga kwat ɗinmu a gwanjo da sunan na asali, lauyoyin kamfanin kuwa ba kundin gwanjon da ke wuce su.

Gideon ya tambaye ni ta yaya zan tabbatar, tunda ni ce nake alfahari cewa ko telan shirin ba zai bambanta aikina da nasa ba. Na ture kofina gefe. Sannan na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A kafaɗar kwat ɗin akwai igiya mai ruwan zinariya. Ni na tufka ta da hannuna, sati biyu, ina kallon wani hoto na kusa a tsohuwar mujalla. Sai bayan an gama ɗaukar fim na gano cewa mujallar ta buga hoton a juye, kamar a madubi. Tufkar asali ɓangaren dama take karkata. Tawa hagu. A cikinmu, mutanen da ke tsayar da kaset su ƙirga ɗinki ɗaya bayan ɗaya, wannan abin kunya ne da ake tunawa har abada. Da kwat ɗin nan na ci kofin gasar ɗinkin da ya fi kama da na asali a taron masoya na Chicago. Kofin yana kan kantar ɗakina, ba na iya haɗa ido da shi.

Na zaci Gideon zai yi dariya. Ya ajiye cokali ya dube ni, irin kallon da ban taɓa iya jurewa ba ko a gaban kyamara.

"Wato wata tara nake yawo da igiya a karkace ba wanda ya gaya mini?" ya ce. "Tashi, sarauniyar allura. Motata ce a waje."

Awa biyu da rabi muka yi a hanya zuwa Minneapolis. Ranar duba kaya ce, kwana biyu kafin gwanjon, zauren gidan gwanjon cike da masu tara kayan tarihi, da dama na san su a taruka. Kwat ɗin yana tsaye a cikin gilashi, fitila na haska shi. Yana da kyau, ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Wendell ya shafa masa ruwan shayi a wuya don ya nuna tsufa, ya kuma yage shafin cikin da na ɗinka sunana a kai.

Shi kansa yana gefe da kofin takarda a hannu. Da ya gan mu fuskarsa ta yi fari.

"Corinne, 'yar gari," ya ce, yana murmushin dole. "Zo mu yi magana a waje."

Na ce a nan zan yi ta. Ya matso ya rage murya. Ya ce kuɗin tacewa sun ƙare a hayar ɗakin ɗaukar fim da gyaran rufin gidansa da ya zube, kunya ta hana shi faɗa. Da kuɗin kwat ɗin zai cike gurbin, ba wanda zai sani, fim ya fito kowa ya yi murna. Ya ce in na buɗe baki ni ma zan sha kunya, domin ba yadda za a yi in tabbatar ba tare da na nuna aibin aikina ba. Ashe ya daɗe da sanin zancen tufkar.

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Wendell ne ya fara yarda da ɗinkina lokacin da ba kowa. Amma na tuna da Misis Oyelaran ta Ohio, wadda ta turo dala goma sha biyar da wasiƙa cewa mijinta ya rasu bai ga ƙarshen labarin ba.

Na nemi shugabar gidan gwanjon, Misis Lindqvist, doguwar mata mai tabarau rataye a wuya. Ta saurare ni ba ta katse ni ba, sannan ta ce kowane mako wani yana zuwa da irin wannan labarin.

"Ranki ya daɗe," na ce, "ki buɗe kashi na goma sha biyu na shirin, inda kyaftin ke sunkuyawa kan taswira. Ki tsayar a nan. Ki dubi igiyar kafaɗarsa, ki dubi wannan."

Aka kawo kwamfuta. Mutane suka taru a bayanmu. Ta sa tabarau, ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta duba allon, ta duba kwat ɗin, ta sake dubawa. Sai na bayyana musu zancen mujallar, da hoton da aka juya, da kofin da na karɓa ban cancanta ba.

"Wannan hagu ce, ta shirin kuwa dama," wani dattijo mai hular ƙwallo ya ce a hankali. "Shekara arba'in ina kallon shirin nan ban lura ba."

Misis Lindqvist ta buɗe gilashin da kanta ta cire katin lambar. Ta ce an janye kayan. Dattijon nan ya fara tafi, wasu suka bi, wata mata kuma ta tambaye ni ko ina karɓar ɗinki. Hawaye suka zubo mini, na bar su. Gideon ya kama hannuna bai saki ba.

Wendell bai yi gardama ba. Ya ciro makullin garejin daga zoben makullansa ya miƙa wa Gideon, ya ce faya-fayen hotunan suna cikin akwatin ƙarfe, rasit ɗin kuma a kwalin takalmi. Ya tsufa a idona cikin minti goma.

Misis Lindqvist ta ninke kwat ɗin ta ɗora mini a hannu. Ta ce kundin ya riga ya fita duniya, kamfanin zai tambaye ta dalilin janyewa, ita kuma ba ta yi wa lauyoyi ƙarya. Gideon ya ce wataƙila in muka yi shiru abin zai wuce. Wendell ya kalli ƙasa.

Na rungume kwat ɗin a ƙirjina, na ɗaga murya yadda duk na kusa za su ji.

"Ba sai sun tambaya ba. Yau zan rubuta wa kamfanin da hannuna in gaya musu komai, in rubuta wa mutanenmu ɗari huɗu, kowane rasit su gan shi. Daga yau ni ke riƙe da fim ɗin nan, kuma ranar Asabar za mu fara tacewa."